Daɓe a Kan Katako

Gidanmu na gado a Minna yana gangaren layin dogo, daidai inda duk ruwan da ya gangaro daga duwatsun garin yake tsayawa ya sha iska kafin ya wuce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aikin jirgi ne ya kawo shi garin yana saurayi. Ya ga fili shimfiɗe ba mai so, ya ɗauka tsintuwa ya yi. Da rani ya gan shi. Da ya jira ruwa ya sauka, da kwalekwale zai nema ba fili ba. A nan aka haife mu, kuma ni dai sai da na iya iyo sannan na iya tafiya.

Ni tela ne, ni ne kuma auta. Da tsohon ya rasu, Inna ta ci gaba da zama a ɗakinta tare da ni da iyalina. Yayana ya daɗe da komawa Kagara yana cinikin hatsi, ya yi tumbi, ya yi gida a kan tudu. Duk damina sai ruwa ya shigo ɗakin Inna ba sallama. Mu ɗora ƙafafun gado a kan duwatsu, mu rataye tukwane, mu yini muna kwarfar ruwa da ƙwarya. Akwai shekarar da na leƙa ƙarƙashin gadonta, tarwaɗa ta dube ni sama da ƙasa kamar ni ne baƙon. Tun muna yi wa abin dariya har sanyi ya kama mata gwiwoyi, tashi daga kan sallaya ya zama aiki.

A kakar wata shekara, ana tsakiyar yaƙin basasa, Yaya ya zo gaisuwa ya ga yadda take tafiya tana dafa bango. Ya ja ni zaure.

"Kai Auta, damina mai zuwa ba za ta sami Inna a tafkin nan naka ba. Ko ka sama mata busasshen ɗaki, ko in zo da mota in tafi da ita Kagara."

Ni da tun da na zo duniya ban taɓa wayar gari a garin da ba ta ciki ba. Da gemuna da 'ya'yana, ranar da ban ji muryarta tana yi mini faɗa da safe ba, zare ba ya yarda ya shiga allura. Amma ban nuna masa damuwata ba.

Na ce, "Busasshen ɗaki kawai? Ai da sauƙi."

"A ina? Filin nan ko kaza ba ta samun inda za ta yi ƙwai."

Na nuna masa sama da yatsa. "Bene zan yi. Shagona a ƙasa, ɗakin Inna a sama."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ɗauka ya kaɗe, ya sake yin wata. "Tela da bene! Kai da ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

"Ƙafarka ce ɗaya ta fi ɗaya, Yaya. Wandon lafiyarsa lau."

Bango bai ba ni wahala ba. Dutse a Minna har da tuntuɓe yake roƙonka ka ɗauke shi. Muka yi tushe da dutse har iya ƙugu, muka ɗora tubali mai kaurin da mutum zai kwanta a kai ya yi juyi. Rufin can sama ma ba a yi gardama ba, kwano ne, domin ruwan garin nan in ya sami soron ƙasa kunu yake damawa da shi. Rigimar duk a kan abu ɗaya ta tsaya: me za a shimfiɗa tsakanin kaina da tafin ƙafar Inna?

A gindin mangwaron ƙofar shagona akwai majalisa, kuma tun daga ranar da aka ji zancen bene kowa a cikinta ya zama injiniya. Akawunan tasha suka ce kankare, shi ne zamani. Na ce su nuna mini inda ake ganin siminti a shekarun nan in ba a mafarki ba, balle rodi. Su kansu gwanayen zuba shi yawancinsu sun tattara sun koma gida tun farkon rikici. Wani tsohon magini, abokin mahaifinmu, ya ce a yi yadda kakanninmu suka yi a Kano: azarar giginya, a jera, a zuba ƙasa a kai. Na girmama shi na ba shi goro. Amma azara ba ta haye ɗaki mai faɗi sai an gina mata baka ya tallafe ta daga ƙasa, bakan kuwa zai cinye rabin shagon. Ga gara. Garar Minna ba irin ta Kano ba ce mai kunya. Ta nan in ka daɗe a tsaye kana hira, da takalminka za ta fara.

Na ukun shi ne abokina Kafinta, mutumin Bosso, Kirista, gajere mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar ta mai shela. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa namiji ne a bakinsa. Ya yi aiki a gidajen ma'aikatan jirgi, ya ga yadda Turawa ke tafiya a kan katako a sama ba wanda ya faɗo.

Ya bugi ƙirji ya ce, "Tela, ka bar su. Madaci za mu sa. Gara ya lasa sau daya, daci ya kore shi har jikansa. Inna ya kai buhun gero nauyi ne? Katako na zai dauki giwa da dansa."

Na ce katako. Majalisa ta ce na haukace, katako ai na taragon jirgi ne da akwatin kaya. Na ce to, Inna za ta zauna a faskila, taragon manya.

Muka shiga motar katako zuwa dajin bayan Beji, inda masu yanka suke aiki da dogon zarto, ɗaya a saman gungume ɗaya a cikin rami yana shan gari. Muka zaɓi manyan ginshiƙan kwance da za su haye ɗakin, da faifayen da za a jera a kansu. Itacen ɗanye ne shakaf, ka taɓa shi yana hawaye. Masu yankan suka ce a jingine shi a inuwa ya shekara. Na ce su je Kagara su gaya wa Yayana ya shekara. Har gobe in aka ce na yi gaggawa, amsata ɗaya ce: damina ce ta yi gaggawa, ni biyo ta na yi. Muka shafe shi da baƙin mai, Kafinta ya jera ya buga ƙusa, faifai ya manne da faifai ko zare ba ya ratsawa. Na hau na yi tsalle, na kira majalisa suka hau suka yi tsalle. Tsohon magini ne kaɗai ya ƙi, ya ce shi ba ɗan tauri ba ne.

Sai bazara ta zo da zafinta. Katakon ya fara bushewa, yana ramewa kamar mai jinya. Tun ina ganin siririn haske tsakanin faifai da faifai, har ta kai in ina zaune a shago ina iya ƙirga ƙusoshin kwanon rufi. Wani ya ce in Inna ta tare ba sai an hau mata da abinci ba, a miƙa mata ta ƙasa. Kafinta ya zo ya duba ya sosa ƙeya, ya ce sai an ɓamɓare duka an sake matsawa. Na ce ba ƙusar da za ta fita. Shi kafinta ne, ni tela, kuma toshe ɓaraka sana'ata ce. Na kwaso buhunan ƙyallayen da na tara shekara da shekaru, na samo kwalta na narka, na dinga tsomawa ina cusawa da bakin almakashi. A duk lardin nan benena ne kaɗai mai atamfa da shadda da kakin 'yan doka a cikin haƙarƙarinsa.

Da aka gama matakala, na je na durƙusa na ce Inna ta zo ta ga ɗakinta. Ta hau a hankali, tana hutawa, tana yi wa gwiwoyinta magana. Ta shiga. Ta dubi taga, iska na shigowa, ana hango jirgi yana shiga tasha. Na ga bakinta ya fara motsin murmushi. Sai ta ɗaga ƙafa ta buga a ƙasa. Ɗakin ya amsa, dum. Ta sake bugawa. Dum.

"Auta, wannan ɗaki ne ko ganga?"

"Inna, haka na Turawa yake."

"Ni Baturiya ce? A ina zan ajiye kaskon wutata in sanyi ya taso? Ko so kake ka gasa ni kamar tsire?"

Wallahi ban taɓa tuna kaskon nan ba. Kullum da garwashi a gefen gadonta saboda ƙafafun.

"In na yi alwala fa, ruwan a kan wa zai sauka?"

"A kaina, Inna. Albarka ce."

"Rufe mini baki. Ni tun da aka kai ni ɗakin ubanku ban taɓa shimfiɗa tabarma a inda ba a daɓe ba. A yi mini daɓe kamar kowace 'yar mutunci. In ba za a yi ba, ka aika wa na Kagara."

Na sauko na sami Kafinta. Ya riƙe kai ya zagaya mangwaro. Ƙasa a kan katako, ga ruwa, ga duka? Muka yi ta ja har ya yarda da kaurin yatsa biyu, ba ƙari ko na farce. Ya shimfiɗa zana a kan faifayen don ƙasar ta sami abin kamawa. Na koma na nuna wa Inna yatsuna biyu, na ce iyakarsa ke nan. Ta ce, "To." Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san wannan "to" ɗin ba amsa ba ce, sallama ce.

Daɓe aikin mata ne, kuma a unguwarmu ba a yi wa mace daɓe da ƙasar saye. Kowace maƙwabciya da ƙawa takan zo da nata burjin, wannan jar ƙasa mai tsakuwa, cikin daro ko ƙwarya, ta zuba da hannunta a ɗakin, sannan ta ɗauki madaɓi. Gudummawa ce, kuma ba a mayar da ƙasar mace. Wadda aka ce wa tata ta yi yawa, an gaya mata ba a son ƙafarta a gidan ke nan har abada. Inna kuwa ta shekara wajen arba'in a garin nan, ba ɗakin amarya ko na mai jego da ba ta kai ƙasarta ba. Duk na san wannan. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tsaya in auna yawan masoyanta da ƙarfin maɗaci.

Ranar da aka sa, hantsi bai gama ɗagawa ba na ga layi. Matan unguwa da darurruka a ka. Nufawa daga bayan kasuwa. Yarabawa masu sayar da atamfa, da kwanoni masu fure. Can sai ga matan Bosso, abokan cinikin Inna na doya da itace, kowace da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa kamar yadda suke ɗaukar kaya, har da matar Kafinta a gaba. Na rantse da a ce tudun Bosso yana da mai ƙirga shi, da ya ga ya ragu a ranar.

Na ruga matakala. Na tarar da ƙawar Inna, wata tsohuwa mai daddawa, zaune a tsakiya da madaɓi a cinya. Namiji ba ya hawa wurin daɓe.

Na ce, "Iya, don Allah a ce ya isa haka. Yatsa biyu aka ce."

Ta dube ni kamar ta ga ƙuda a nono. "Yatsan wa? Zo nan, ɗan nema. Ga su nan a layi. Nuna mini wadda za ka ce wa ƙasarta ba za ta shiga ɗakin uwarka ba. Wannan da ta yi maka wanka kana jariri? Ko waccan da ta goya ka? Ko tawa ce ba ka so?"

Na dubi layin. Duk wadda na kalla sai ta yi mini murmushi ta ce, "Auta, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka." Na ce amin, na koma shago na zauna.

Aka zuba, aka yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi ja. Sai duka ya fara. Wanda bai taɓa zama a ƙarƙashin mata masu daɓe ba bai san tashin hankali ba. Madaɓai suna sauka tare, tim, tim, tim, ana waƙa ana guɗa, kuma rabin waƙar ni ake yi wa, wai tela ya gaji da ɗinka riga ya koma ɗinka gida. Almakashina yana rawa a kan tebur shi kaɗai. Ina cikin haɗa wata farar babbar riga ta wani alhaji sai na ga ɗigo ja a ƙirjinta. Na ɗaga kai, wani ya sauka a idona. Makuba ce ta sami hanya. Rigar nan har ta tsufa da tambarinta, na gaya wa mai ita sabon aiki ne daga Kano.

Wajen azahar aka ji ƙara, ƙas! kamar an harba bindiga. Lokacin yaƙi ne, kunnen kowa a tsaye yake. Majalisa ta watse, mai shayi ya bar butarsa, wani akawu ya shige ƙarƙashin teburin mai nama. Na ɗaga kai. Ginshiƙin tsakiya ya tsage a tsawonsa, rufin shagon gaba ɗaya ya sauko da ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Kafinta ya shigo a guje, ya duba, shi yana kiran Yesu ni ina salati. Matan kuwa ba su ma ji ba. Sai da na fita tsakar gida na yi ta kururuwa sannan suka tsagaita, suka sauko suna mita wai an katse musu aiki ana tsakiyar daɗi. Da muka hau muka soka tsinke, daɓen ya haura taƙi guda.

Ban san wanda ya kai labari Kagara ba, amma ya riga wayar tangaraho. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a 'yan kwanakin, sai ga Yaya da motar hatsi, ya sa an tsaya a ƙofar gida. Bai ko zauna ba ya sa aka fara fito da kayan Inna daga tsohon ɗakinta ana lodawa. Kafin in buɗe baki sai ga duba-gari, da gajeren wandonsa na kaki da doguwar safa, shi ma an kai masa labari. Ya tsaya daga bakin ƙofar shago, ya leƙa da wuya kawai, sauran jikinsa na waje.

Ya ce, "Maigida, abu biyu ne. Ko a kankare ƙasar nan duka a zubar, ko a sauke saman gaba ɗaya a mayar da shi gida irin na kowa."

Yaya ya ce, "Na uku shi ne wanda ake yi yanzu. Ku ɗauko gadon."

Unguwa ta cika ƙofar gida. Tsohon magini yana gefe yana gyaɗa kai, akawuna suna cewa da ma sun faɗa. Na dubi abin da ke gabana. In na kankare daɓen, na watsa wa matan gari ƙasarsu a fuska, Inna kuma ba za ta kwana a kan ganga ba. In na sauke benen, ta koma tafki. Kowace na ɗauka, motar nan da ita za ta tashi.

Na hau kan bencin majalisa don kowa ya ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar nan ko cokali ɗaya ba za a ɗiba ba. Iyayena ne suka kawo ta a ka da kafaɗa. Benen nan kuma ba zai sauko ba sai dai in shi ya ga dama, kuma bai gaya mini ba. Cikinsa ne ya yi nauyi. Wanda cikinsa ya yi nauyi sanda ake ba shi, ba a kashe shi. Ga Yayana nan, wa ya rushe shi?"

Aka kwashe da dariya, har direban motar. Yaya ya cika ya yi fam.

Na ja Kafinta muka nufi bayan kasuwa wurin masassaƙa. Suna da wani gungumen ƙirya da suka ajiye za su yanka, itacen da gatari ke jin tsoro. Na ce kada su taɓa shi, a tsaye nake so. Majiya ƙarfi suka gangaro da shi har shago. Muna da ragowar ginshiƙin maɗaci guda, ya bushe sarai a lokacin. Dabarar ita ce a gicciya shi a ƙarƙashin sauran, a ɗaga cikin da ya sauko, a kafa ƙiryar a tsakiya a kan faffaɗan dutse. Saura abin ɗagawa. Na fita na sami direban Yaya yana cin rake.

"Direba, aron jak ɗinka nake so."

Yaya ya ce, "Kada ka ba shi! Motar ni na ɗauko ta."

Direba ya tofar da ɓawo ya ce, "Alhaji, mota ka ɗauko, ba ka ɗauko jak ba. Ni tun da nake ban taɓa ganin an yi wa gida faci ba, yau sai na gani."

Shi da kansa ya shiga ya kafa. Yana murzawa gidan yana nishi, ƙyallayena suna leƙowa daga tsagogi kamar harsuna. Kafinta na ihu, "Kadan kadan! Zai fashe!" Ni ina ihu a ƙara. A hankali cikin ya koma, ba duka ba, amma ya koma. Aka tura ƙiryar ta zauna daram, aka buga mata ƙarafa, aka ɗaure tsagaggen ginshiƙin da ƙarfe ta gefe biyu. Aka sassauta jak. Ba abin da ya motsa sai ƙura.

A sama kuwa daɓen ya tsattsage kamar busasshen tafki. Inna ta aika, matan suka dawo gyara. Wannan karon ni na tsaya a gindin matakala da almakashi a hannu, ina duba kowace. Na ce ruwa da madaɓi kawai, wadda ta zo da ƙasa ko a ƙarƙashin farce ne sai ta wanke. Tsohuwa mai daddawa ta ɗaga mini tafukanta ta ce in duba da kyau, mara kunya.

Duba-gari ya ce duk ya gani, amma wa zai tabbatar masa abin zai riƙe in an hau ana duka? Na ce ya ba ni hanya. Na jawo keken ɗinkina na kafa shi daidai ƙarƙashin ginshiƙin da ya tsage, na jingina bayana da ƙiryar. Na lura aljihun rigarsa ya ɓalle, na ce ya tuɓe ya miƙo. Ya miƙo daga nesa. Na ɗaga murya na ce, "Iya! Ku daka! Kada ku ji tausayina!"

Ba su ji tausayin ba kuwa. Tim, tim, tim. Ƙasa na zubo mini a hula, ina jin kowane bugu yana bi ta ƙiryar yana sauka a ƙashin bayana. Ban taɓa ɗinki da sauri irin na ranar ba, keken har hayaƙi ya so yi. Masu cewa rawar tsoro ce ƙafafuna suke yi a kan feda, hassada ce ke damunsu. Na gama aljihu, na ga ba su gama ba, na sake farke shi na ɗinka. Na ƙara masa wani aljihun da bai nema ba. Har aka yi guɗar gamawa ginshiƙin bai ce uffan ba.

Duba-gari ya karɓi rigarsa ya juya ta, ya ce zai dawo bayan damina ya duba, kafin nan in ya faɗo a kaina ni na sani. Na ce in ya faɗo zan aika masa.

Yaya bai sauko daga ra'ayinsa ba. Ya ce shi ba ruwansa da wasan tauri, kaya suna mota, Inna ta fito su kama hanya kafin ruwa ya tare su. Na ce Inna ba buhun dawa ba ce, a tambaye ta. Muka tsaya a ƙarƙashin tagar, ni da shi, kamar masu jiran shari'a. A gaskiya ban san abin da za ta ce ba. Ta ga tsagewar nan da idonta, kuma gidan Kagara a kan tudu yake, ba matakala.

Ta leƙo, hannunta ja wur da makuba. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, sai dai ta bi ta kan wani. Ta dube ni, ba ta dube shi ba.

"Auta, gaya wa baƙonka daɓena ɗanye ne. Sai an yi ta yayyafa masa ruwa ana goge shi safe da yamma har ya kama. Wa zan bar wa? Matarka da ko tukunya ba ta iya gogewa ba? Mutane sun kawo mini ƙasarsu, in tafi in bar ta ta lalace, da wane ido zan dube su?"

Yaya ya ce, "Gaya mata in ya bushe zan dawo."

"Gaya masa daɓen bene ba ya saurin bushewa. Ya gaida yaran."

Ta ja kanta ciki. Yaya ya tsaya yana kallon tagar, sannan ya juya ya ce wa masu lodi su sauke. Aka fara hawa da kaya: gado, tabarmi, tukwane, kaskon wuta, adudu. Ni ina gindin ƙiryata, wadda ta zauna a tsakiyar shagona ke nan, duk mai son awo sai ya zagaya ta. Can sai na ga ƙarti biyu suna nishi, sun sauko da wani abu daga bayan motar. Turminta ne, babban, da taɓare biyu.

Kafinta ya kama hannuna, muryarsa ta dawo ƙarama. "Tela, a sama zai yi daka?"

Muryar Inna ta sauko daga taga. "Yajina ba mai daka mini shi sai ni. Me ake jira?"

Ƙartin suka tsaya a gindin matakala suna kallona. Majalisa tana kallona. Yaya ya fasa shiga mota, ya juyo, ya harɗe hannu a kan tumbi.

Na gyara zama a kan keke, na zura zare, na ce, "Ku hau da shi."